Katin banki: yadda muka bi sawun kuɗin albasa

 

Yau zancen kuɗi za mu yi, kuɗin da aka kai banki ajiya. Da, in mutum ya sai da amfanin gonarsa, sai ya sa kuɗin a tukunya ya binne, ko ya sayi tunkiya ya ɗaure. Yanzu da yawa cikinku sun buɗe ajiya a banki. Wani ɗansa ne da ke ci-rani a Abijan ko Kumasi ya matsa masa, don ya riƙa yi masa aike. Wani ƙungiyarsu ce aka ce ba a ba ta bashi sai da ajiya. Wani tsohon soja ne, can ake zuba masa fansho. Kowannensu an miƙa masa ɗan kati na roba, wanda bai cika tafin hannu ba.

In kana da shi, ɗauko ka duba, mu tafi tare. A fuskarsa akwai sunanka. Akwai lambobi 16 a jere, huɗu-huɗu. Akwai wata da shekarar da katin zai daina aiki. Juya bayansa. Za ka ga wasu lambobi 3 su kaɗai, da lambar wayar banki an rubuta ta ƙanana. Sai kuma lambobi 4 da ba su bisa katin, waɗanda aka ba ka a ɓoye. Su ne lambar sirri. Kati ƙofar rumbu ne, lambar sirri makulli. Duk wanda ya haɗa biyun a hannunsa, injin nan da ke jikin bangon banki, wanda ƴan birni ke ce wa gishe, zai ƙirga masa kuɗinka. Inji bai san fuska ba, ba ya tambayar sunan uba.

Bisa katuna da yawa za ka ga haruffa uku: GIM. Wata ma'aikata ce da aka kafa a Dakar a shekarar 2003. Ita ta haɗa injunan bankunan ƙasashe 8 masu cin kuɗin sefa irin namu: Nijar, Benin, Burkina Faso, Kodibuwar, Gine Bisau, Mali, Senegal da Togo. Da wannan ɗan kasuwa yana iya cirar kuɗinsa a Lome, ba sai ya ɗaure su a ƙugu ba. Amma ɓarawo ma haka ne. Katin da aka sace a Maraɗi yana iya cin kuɗi a Kwatano.

Ni malamin yaƙi da jahilci ne a wani ƙauye na ƙasar Madawa, inda albasa ke yi. Cikin ajina na dare akwai wani dattijo da ya ba sittin baya. Ba zan faɗi sunansa ba, amma da yardarsa nake ba ku labarin nan. Watansa bakwai yana zuwa karatu. Haruffa suna ba shi wuya, amma wajen lissafi ba a kama shi, don shekara arba'in yana ƙirga buhu. Bara da rani ya sai da albasarsa, ya kai jika 400 da ƴan kai banki. Ya riga ya raba su a ransa: takin zamani da iri, man injin ban ruwa, sauran kuma kayan ɗakin autarsa da aka sa ranar aurenta.

Wata Juma'a ya shiga birni. Bayan an sauko daga masallaci ya je gishe zai ciri jika 20. Mutane na jira a bayansa. Inji na rubutu da Faransanci, hannun dattijo na rawa. Sai wani saurayi mai tsabta, da farar riga da agogo, ya matso ya ce: “Baba, sannu. Kawo in taimake ka, injin nan akwai gardama.” Ya sa katin ya ce: “Baba, danna lambarka, ni ba na kallo.” Ya kau da fuska, amma wutsiyar ido na kan yatsun dattijo. Kuɗi suka fito. Yaron ya zare kati, ya goge shi a rigarsa, ya miƙo da hannu biyu. Dattijo ya sa masa albarka, ya hau mota ya nufi gida.

Katin da aka miƙo masa ba nasa ba ne. Launi ɗaya, banki ɗaya, amma na wani ne.

Yana cikin mota wayarsa ta yi ƙara. Da dare ta sake. Ya ɗauka irin tallan nan ne na kamfanin waya. Da asuba ya duba. Faransanci bai karanta ba, amma ya ga 100.000, ya ga 50.000, kuma lamba kam ya san ta.

Bari in tsaya nan kaɗan, don wurin yana rikita mutane. Mu a kasuwa da dala da jika muke ciniki. Banki ba ya rubuta dala, ba ya rubuta jika. Tamma yake rubutawa. Dala guda tamma 5 ce, jika guda tamma 1.000. In ka ga lamba mai tsawo, rufe sifiri uku na ƙarshe da yatsa. Abin da ya rage shi ne jika. 100.000 jika 100 ke nan. 50.000 jika 50.

Rana ba ta fito ba ya yi sallama a ƙofar gidana. Ya ce: “Malam, duba mini wannan. Ni jika 20 na cira, me ya kawo ɗari?” Na ce: “Baba, ina katin?” Ya zaro shi daga aljihu. Na ce ya karanta sunan da kansa. Ya bi da yatsa, harafi-harafi. Ya ɗago kai ya ce: “Wannan ba ni ba ne.”

Ɗan uwa, in irin wannan ta same ka, kafin salati ya ƙare a bakinka, kafin ka je wurin mai gari, kafin ka nemi mota, ɗauki waya. Kira banki ka ce a rufe katinka. Da Faransanci ana ce wa wannan opozisiyo. Riƙe kalmar, ita kaɗai ma in ka faɗa za a gane ka. Kuma ba alfarma kake roƙo ba. A shekarar 2002 ministocin ƙasashen nan 8 sun yi doka a kan hanyoyin biyan kuɗi. Dokar ta ce mai kati yana da ikon hana biya in katinsa ya ɓata, ko an sace shi, ko an yi zamba da shi. Ta ce kira ta waya ya isa, ko ba ka riƙe lambobin nan 16 ba. Sai dai dole ka je banki da takardun shaidarka ka tabbatar da maganar cikin awa 24 na ranakun aiki. Wato in ka kira ran Asabar, kada Litinin ta wuce ka.

Muka kira lambar da ke bayan katin, tun da bankin ɗaya ne. Wata mace ta ɗauka, tana jin Hausa. Ta tambayi suna, da shekarar haihuwa kamar yadda take a katin ɗan ƙasa, da reshen da ya buɗe ajiya. Ta ce an rufe. Na ce: “Baba, ɗauko littafinka na aji ka rubuta rana da lokaci.” Ya rubuta: Asabar, 6:40. Rubutun ya karkace kamar sawun kaza, amma yana karantuwa.

Muka ce an tsira da saura. Ina! Wajen ƙarfe 9 waya ta sake ƙara: 100.000, sai 50.000. Muka sake kira. Aka ce aiki na tafiya, mu yi haƙuri. Wannan kiran ma ya rubuta shi. Ran Lahadi da safe aka kwashe 80.000. Rumbu ya koma wayam. Reshen banki kuwa a rufe, sai Litinin.

Kun lura kullum jika 150 ɓarawon ke cira? Ba tausayi ba ne. Kowane kati yana da iyakar abin da za a cira da shi, banki ne ke sa ta. In kai ba ka cirar fiye da jika 30 a lokaci guda, je ka ce a rage maka iyakar. Kuma in wayarka ba ta ƙara in an taɓa ajiyarka, ka ce a haɗa maka saƙon. Da ba don saƙon nan ba, da dattijo bai san kome ba sai ranar sayen taki.

Ran Lahadin nan bai ci tuwo ba. Abin da ya fi kuɗin ci masa rai kunya ce. Ya ce: “Malam, kada ka gaya wa kowa. Yaro ɗan jiya ya yi wasa da furfurata.” Wani maƙwabcinsa da ya ji ya ce kuɗin da inji ya haɗiye ba su dawowa, a bar wa Allah. Ni na sha ganin haka. Mutum in an sace masa akuya, har kasuwa uku zai bi yana cigiya, ba kunya. Amma in ta hanyar takarda aka cuce shi, sai ya yi shiru, don kada a ce bai waye ba. Masu wannan sana'a sun san da haka. Shi ya sa suke zaɓar dattawa.

Ran Litinin muna ƙofar banki tun ba a buɗe ba. Mun zo da katin ɗan ƙasa, da katin nan na wani, da waya, da littafin aji, da takardar yarjejeniya da ya sa wa hannu ranar da aka ba shi kati. Uwargidansa ce ta adana ta cikin kwalla, ƙarƙashin zannuwa. Allah ya saka mata.

Da farko muka tabbatar da rufe kati a rubuce, muka karɓi resi. Kada ka fita sai da resin nan, haƙƙinka ne. Sa'an nan muka nemi takardar lissafin ajiya, wadda suke ce wa relebe. Muka ce a fitar mana har da awa da wurin da aka ciri kowane kuɗi.

Karanta ta ba wuya in an nuna maka sau ɗaya. Kwanan wata lambobi ne: na farko rana, na biyu wata, na uku shekara. In ka ga 05/04, rana ta 5 ce ga wata na 4. Agogon banki kuma ba ya tsayawa a 12, yana wucewa har 24. In awa ta wuce 12, ɗebe 12. 17:12 ƙarfe 5 ne da minti 12 na yamma. 21:50 ƙarfe 10 saura minti 10 na dare.

Takarda ta nuna kome. Juma'a a birninmu. Asabar a Ƙonni. Lahadi a Doso. Ɓarawo ya kama kwalta ya yi yamma, takarda na bin sawunsa gari-gari.

Ma'aikacin da ke zaune a tebur ya duba ya ce: “Baba, da lambar sirrinka aka ciri kuɗin nan. Banki ba ya biyan irin wannan. Sai haƙuri.” Dattijo ya tattara rigarsa zai tashi. Na ce: “Baba, zauna tukuna.”

Na buɗe takardar yarjejeniya na karanta masa, ina juyawa da Hausa. Ga abin da ke ciki, kuma ka sa a duba maka taka, don galibi haka suke. Abin da aka cira kafin mai kati ya ce a rufe, yana wuyan mai kati. Abin da aka cira bayan ya ce a rufe, ba ya wuyansa. Muka ɗauki biro muka ja layi a tsakiyar relebe, daidai Asabar 6:40. Sama da layi jika 150. Ƙasa da layi jika 230. Na nuna wa ma'aikacin littafin aji. Na nuna masa waya, inda kiran yake da ranarsa da mintinsa. Ya yi shiru. Ya ce wannan ya fi ƙarfinsa, sai mu rubuta koke.

To, ka ga inda maganar take. Banki ba ya auna yawan hawayenka, ba ya jin rantsuwa. Lokaci yake aunawa. Minti nawa ne tsakanin ɓatan kati da kiranka? Kuma me ke hannunka da zai nuna ka kira?

Daga nan muka je komisariya muka kai ƙara. Inda babu ƴan sanda, jandarmomi ake kai wa. Aka rubuta bayani, aka ba mu takarda mai hatimi. Tun shekarar 2019 ƙasarmu tana da dokar hukunta masu zamba ta na'urori da intanet, ba sabon abu ba ne a wurinsu. Kuma a gishe akwai na'urar ɗaukar hoto. Kai banki ba zai nuna maka hoton ba, amma ƴan sanda suna iya nema.

Sai takardar koke, wadda suke ce wa reklamasiyo. Ba ta bukatar dogon zance. Suna, lambar ajiya, ranar da aka musanya kati, lokacin da aka kira, kuɗin da aka cira ɗaya bayan ɗaya, da abin da kake nema: a maido. Da Faransanci na rubuta ta. Ko da yake a shekarar 2025 an mai da Hausa harshen ƙasa, takardun banki har yanzu Faransanci suke ji. Dattijo ya sa hannu da sunansa cikakke. Muka yi ta biyu. Muka haɗa da fotokopin resi, da na takardar ƴan sanda, da na shafin littafin aji. Na asali duka suka koma aljihu. Kada ka taɓa ba da takardarka ta asali. Ɗaya muka ba su, ɗaya muka ce a buga mata hatimi da kwanan wata, muka tafi da ita. Koken da aka yi da baki, gobe sai a ce ba a san zancen ba.

Sai jira. Sau uku muna komawa. Kowane zuwa jika 2 kuɗin mota, ga yinin aiki ya tafi. Yau a ce takarda na Yamai, gobe a ce mai sa hannu ya yi tafiya.

A bencin jira na gane ba mu kaɗai ba ne. Akwai wata malamar asibiti, ƴar boko sosai. Ita katinta yana cikin jakarta, ba wanda ya taɓa shi. Wani ne ya kira ta a waya, ya ce daga banki yake, za a sabunta mata kati. Ya faɗi sunanta daidai. Ya ce ta karanto lambobi 16, da 3 na baya, da wata lamba da za ta shigo mata a saƙo yanzu-yanzu. Ta karanto. Da waɗannan ake sayen kaya ta intanet, ba a bukatar kati a hannu, ba a bukatar lambar sirri. Ka ji da kyau: banki ba ya kiran mutum ya tambaye shi lambar sirri, ko lambobi 3 na baya, ko lambar da ta shigo a saƙo. Wanda ya tambaya ɓarawo ne, ko da ya san sunan kakanka. Kashe wayar, ka kira lambar da ke bayan katinka. Kuɗin da ake ajiyewa cikin waya ma haka ne.

Wani lokaci kuma ba ka ba kowa lamba ba, katinka na aljihunka, amma ka ga an yi sayayya da shi a wata ƙasa. A nan hujjarka ta fi ƙarfi. Rufe katin, kai shi banki su gan shi da idonsu, ka rubuta koke cewa ba kai ba ne.

Jira yana da iyaka. Akwai hukumar da ke sa ido a kan bankunan ƙasashen nan 8, mazauninta Abijan, tana aiki tare da babban banki BCEAO, wanda ke da gida a Yamai da Maraɗi da Damagaram. A shekarar 2020 ta umurci kowane banki ya shirya wurin karɓar koke, ya ba mai koke shaidar an karɓa, ya kuma ba shi amsa cikin wata guda. In wata ya cika ba amsa, ko amsar ba ta gamsar da kai ba, kana iya kai kukanka wurin hukumar.

Ranar da wata ya cika cif, muka ce darakta muke son gani. Dattijo ne ya yi magana, ni ina gefe. Ya ajiye takarda mai hatimi a kan tebur ya ce: “Ranka ya daɗe, yau kwana 30. Ga ranar da kuka karɓa. In ba amsa, Malam zai rubuta mini zuwa Abijan.” Bai ɗaga murya ba. Gaskiya daraktan bai wulaƙanta mu ba. Ya sa aka kawo mana ruwa, ya buga waya Yamai muna zaune. Aka duba aka ga kiran Asabar yana nan a rubuce wurinsu, amma ba a rufe katin ba sai Litinin.

Bayan kwana 6 dattijo yana cikin lambu wayarsa ta yi ƙara. Ya rufe sifiri uku da yatsa. Jika 230.

Jika 150 na Juma'a ba su dawo ba. Banki ya amsa a rubuce cewa an cire su da lambar sirri kafin a ce a rufe kati. Bisa takarda suna da gaskiya. Amma ni a ganina ba a raba nauyin daidai ba. Wanda ya ba tsoho kati, ya ajiye masa inji mai magana da harshen da ba ya ji, bai sa mai gadi a wurin ba ran Juma'a, shi ma yana da kaso cikin asarar. Na faɗa wa darakta haka. Ya ce ya ji. Ƴan sanda sun samu hoton saurayin, har yau ba a kama shi ba.

Dattijo ya sayi taki da mai, albasar bana ba ta makara ba. Auren aka ɗaga zuwa bayan kaka, dangin miji suka yarda, ɗansa na Kumasi ya aiko da gudummawa. An yi masa sabon kati da sabuwar lambar sirri, shi ya biya kuɗin katin. Lambar wayar banki ya rubuta ta a bangon littafinsa da manyan lambobi, don ta bayan kati ta yi wa idonsa ƙanƙanta. Ya daina zuwa gishe ran Juma'a, sai Talata da safe, lokacin da ba kowa. Jikansa yana tsayawa a bayansa, ya juya masa baya yana kallon hanya. Shi kuma ya cire hularsa, ya rufe lambobin da ita, sa'an nan ya danna.